SHARHI: Wa Ya Tunzura Wa? Kalmar Da Za Ta Yi Aiki A Kebbe Da Tambuwal Kafin 2027

Da zarar guguwar zaɓe ta fara kaɗawa a Jihar Sakkwato, akwai kalmar da ke dawowa bakin kowa. Rundunar 'yan sanda za ta gargaɗi 'yan siyasa su guji kalaman tunzura jama'a. Jam'iyya mai mulki za ta zargi 'yan adawa da tunzura matasa, su kuma su mayar mata da zargin kafin rana ta faɗi. Limamai za su ja kunne a huɗubar Juma'a. Daga ƙarshe kalmar takan sauka a kan takardar tuhuma, kuma sau da yawa wanda ke tsaye gaban alƙali ba shi ne mai babbar lasifika ba.

Kowa na furta "tunzura", amma kaɗan ne ke tsayawa su tantance abin da take nufi da kuma inda iyakarta take. A mazaɓar Kebbe da Tambuwal, yankin da ya ga yadda ƙuri'u ƙalilan ke yanke hukuncin wanda zai mulki jiha baki ɗaya, wannan tambaya ta wuce darasin nahawu. Amsarta ce za ta nuna wanda zai iya faɗin albarkacin bakinsa kafin 2027, da wanda za a rufe wa baki, da wanda zai kunna wuta ya koma gida ya yi barcinsa.

Kalma ɗaya, aiki biyu

A rubuce, "tunzura" kalma ɗaya ce. A baki kuwa biyu ce. Idan Bahaushe ya ce jawabin wane ya tunzura matasa, yakan fara kalmar da sautin sama, kuma dole ya ambaci wanda aikin ya faɗa wa. Wannan shi ne abin da masana nahawu ke kira aikatau so-karɓau. Idan kuwa ya ce matasa sun tunzura, kalmar takan fara da sautin ƙasa, ta tsaya ita kaɗai ba ta bukatar karɓau. Ta farko tana nuna mai aiki da wanda aka yi wa aikin. Ta biyu tana bayyana halin da mutum ya shiga: ransa ya ɓaci, zuciyarsa ta tafasa. Haka "fusata" da "harzuƙa" da "firgita" suke, kowacce da fuska biyu.

Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, don haka fuskokin biyu sukan zama ɗaya a kan takarda. Wannan ƙaramin al'amari yana da babban tasiri a siyasa. Duk lokacin da jama'a suka tunzura, hukuma takan ɗauka cewa lallai akwai wanda ya tunzura su, sai ta bazama nemansa. Alhali harshen kansa ya yarda mutum na iya tunzura ba tare da kowa ya raɗa masa komai ba. Manomin da ya biya kuɗin fansa da kuɗin da ya tara don sayen taki ba ya jiran jawabin ɗan siyasa kafin ransa ya ɓaci. Matar da ta kwana a daji da 'ya'yanta saboda jin ƙarar babura ba ta bukatar kallon bidiyo kafin ta san abin da ke damunta.

Akwai kuma abu na biyu da kalmar ke ɓoyewa. Idan aka ce an tunzura mutum, maganar ba ta cika ba sai an faɗi a kan wa aka tunzura shi, da abin da aka so ya aikata. Sanarwar hukuma takan tsaya a "tunzura jama'a" kawai. A cikin wannan giɓi ne ake cusa duk abin da aka ga dama, daga kiran a ƙona gida har zuwa tambayar ina kuɗin gyaran asibiti.

Zuga, ingizawa da zaburarwa

Hausa ba ta yi rowar kalmomi a wannan fage ba, kuma kowacce na ɗauke da hoton da ke bayyana ta. "Zuga" daga maƙera ta fito. Yaron da ke zaune yana buga zugazugi ba ya taɓa ƙarfen, iska kawai yake aika wa garwashi har ya yi ja. Wutar tana nan tun farko, aikinsa ƙara mata ƙarfi. Shi ya sa zuga ba ta zama abin ƙi a kowane hali. Makaɗan noma na zuga samari a gonar gayya har su gama aikin kwana uku a yini ɗaya. Duk mai sanin kiɗan dambe a ƙasar Sakkwato ya san yadda Ɗan'anace ke zuga Shago. A can, zuga tana da fili, tana da ƙa'ida, akwai masu raba faɗa, kuma wanda aka zuga ya san abin da ya shigo yi.

"Ingiza" ta fi muni, domin karin maganar da ke tafe da ita ya gama tona mata asiri: ingiza mai kantu ruwa. Wanda ya yi turin yana tsaye a kan tudu, rigarsa a bushe. Wanda aka tura shi ne zai fito da hannu wayam, kayansa sun narke. "Rura wuta" kuwa aikin wanda ya tarar da rikici yana ci ne, ya ƙara masa itace.

A ɗaya gefen akwai kalmomin da kowa ke so a jingina masa: zaburarwa, faɗakarwa, wayar da kai, ƙarfafa gwiwa. Su ma duk motsa zuciya suke yi. Babu siyasar da ake yi da sanyin jiki, kuma ɗan takarar da bai iya taɓa zukatan mutane ba zai koma gida da ƙuri'ar iyalinsa kawai. Matsalar ita ce jawabi ɗaya na iya samun suna biyu a rana ɗaya. Magoya baya su ce an zaburar da su, abokan hamayya su ce an tunzura jama'a. Wanda ke riƙe da 'yan sanda shi ne yakan zaɓi sunan da zai shiga takarda.

Wannan ba sabon abu ba ne a Arewa. Tun bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, 'ya'yanta sun sha ɗauri a kotunan En'e saboda lacca da waƙa da taron da ba a ba su izini ba. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama. Abin da hukumar wancan lokaci ta kira tayar da fitina, shi ne yau ake koyar da ɗalibai a matsayin gwagwarmayar 'yancin talaka.

Dalilin da ya sa Kebbe da Tambuwal

Ƙananan hukumomin Kebbe da Tambuwal kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai, kuma kujera ce mai tarihi. Aminu Waziri Tambuwal ya riƙe ta daga 2003 zuwa 2015, daga kanta ya zama Kakakin Majalisa a watan Yunin 2011, kafin ya yi gwamna na shekara takwas, ya kuma zama sanatan Sakkwato ta Kudu a 2023. Abdussamad Dasuki ya gaje shi a 2015, ya rasa kujerar a 2019, ya dawo a 2023. Mazaɓa ce da babu jam'iyyar da ke iya cewa ta sa ta a aljihu.

Zaɓen gwamna na 2019 ya nuna ƙimar kowace rumfa a yankin. A zagayen farko na ranar 9 ga Maris, Tambuwal na PDP ya samu ƙuri'a 489,558, Ahmed Aliyu na APC ya samu 486,145. Tazarar 3,413 ba ta kai yawan masu zaɓe 75,403 na rumfunan da aka soke ba, sai INEC ta ce zaɓen bai kammalu ba. Aka koma rumfuna ranar 23 ga Maris, kuma sakamakon Kebbe ne na ƙarshe da jihar ta zauna jira. Da aka haɗa lissafi, Tambuwal ya tashi da 512,002, Aliyu da 511,660. Bambancin ƙuri'a 342 ne, adadin da bai kai masu rajista a rumfa ɗaya mai cika ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da sakamakon a watan Janairun 2020. A 2023 ma sai da aka koma zaɓen cike giɓi ranar 15 ga Afrilu kafin a san sanatocin jihar, bayan tarzoma da soke ƙuri'u sun hana kammala zaɓen ranar 25 ga Fabrairu.

Darasin da ɗan siyasa marar tsoron Allah zai ɗauka daga wannan a fili yake. Idan mutum 342 na iya sauya gwamna, to tarwatsa rumfa ɗaya a garin da abokin hamayya ke da ƙarfi na iya yin aikin da kamfen na wata guda bai yi ba. Tarwatsa rumfa kuwa yana bukatar matasan da aka riga aka tafasa musu zuciya. Inda tazara ta yi ƙanƙanta, nan kasuwar tunzuri ta fi ci.

Akwai darasi na biyu, wanda ya kamata matasa su riƙe. Ahmed Aliyu mataimakin Tambuwal ne daga 2015 har zuwa 2018. Aliyu Magatakarda Wamakko da Tambuwal tafiya ɗaya suka yi a 2015, kafin Tambuwal ya koma PDP a watan Agustan 2018. Wanda 'yan sanda suka tare wa ƙofar Majalisa da hayaƙi mai sa hawaye a watan Nuwamban 2014, shi ne daga baya ya zama gwamna mai ikon kafa dokar hana fita, yau kuma ya sake zama ɗan adawa a jiharsa. Manya sukan sauya gefe, su ɓata, su shirya, su haɗu a wurin ɗaurin aure. Yaron da aka sare wa hannu a bakin rumfa shi ne mai kantun, kuma ba a gayyatarsa ranar sulhu.

Abin da doka ta tanada

Najeriya ba ta rasa dokoki a kan wannan batu ba. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa, sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro da zaman lafiya, muddin taƙaitawar ta dace da tsarin dimokuraɗiyya.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta hana a sashe na 92 yin kamfen da zagi ko ƙazafi ko habaicin da zai iya jawo tashin hankali, da kalaman da ke taɓa addini ko ƙabila ko ɓangaranci. Ta hana kamfen a wuraren ibada. Ta yanka wa ɗan takarar da ya saɓa tarar da ba ta wuce naira miliyan 1 ba ko ɗaurin wata 12, jam'iyya kuma naira miliyan 2 a karon farko. Ga mai neman kujerar gwamna, miliyan 1 ba ta kai kuɗin man motocin rakiya na taro ɗaya ba.

Dokar da ta fi kai talaka kotu ita ce Final Kod, kundin laifuffukan Arewa da ya fara aiki a 1960. Sashe na 114 na asalin kundin ya haramta duk wani aiki da aka yi da nufin tayar da hankalin jama'a, ko wanda zai iya tayar da shi. Jihohi sun yi wa kundinsu kwaskwarima, amma laifin yana nan. Wannan "zai iya" ƙofa ce mai faɗi, domin ba a bukatar ko tsinke ya karye kafin a kama mutum. Sai kuma sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wanda aka daɗe ana kama 'yan jarida da masu rubutu a Facebook da shi. Kotun ECOWAS ta ce sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma a watan Fabrairun 2024 aka taƙaita shi.

Kotunan Najeriya ma sun taɓa shata layi. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Inugu ta soke ɗaurin da aka yi wa Arthur Nwankwo saboda littafin da ya soki gwamnan Anambra na lokacin, Jim Nwobodo, ta ce dokar hana sukar gwamnati da aka gada daga Turawan mulkin mallaka ba ta da gurbi a ƙasar da ke da 'yanci. Fiye da shekara 40 bayan wannan hukunci, har yanzu ana samun wata ƙofar da za a shigo da tsohuwar ɗabi'ar.

Tuhuma ɗaya, laifi daban-daban

Abubuwa biyu da suka faru a Jihar Sakkwato sun isa su nuna yadda kalmar ta zama riga mai shiga kowa.

Ranar 12 ga Mayun 2022, gungun mutane suka kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari bisa zargin ɓatanci ga Annabi (SAW) a saƙon muryar da ta aika zauren WhatsApp na ajinsu. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan. Kwana biyu bayan haka zanga-zanga ta ɓarke a birnin, Gwamna Tambuwal ya kafa dokar hana fita ta sa'a 24. Mutum biyu aka gurfanar, kuma tuhumar da aka karanta musu ita ce haɗa baki da tayar da hankalin jama'a. A farkon 2023 kotu ta sallame su saboda masu gabatar da ƙara ba su bi shari'ar ba.

A watan Nuwamban 2024 kuma, aka kama wata matashiya 'yar shekara 18 daga ƙaramar hukumar Wurno bayan wani bidiyo da ta yi kan halin da mutanen da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukansu ke ciki. Ƙungiyar Amnesty International ta ce an tuhume ta da zagi da tunzura jama'a saboda ta soki gwamna. 'Yan sanda sun musanta cewa sukar gwamna ce dalili, suka ce ƙorafi aka kawo musu cewa tana tunzura mata. Ko wane bayani mutum ya gaskata, abin lura shi ne wannan: a shari'ar da aka rasa rai da shari'ar da aka ɗauki bidiyo, kusan kalma ɗaya ce a kan takardar tuhuma. Kalmar da za ta iya ɗaukar waɗannan biyun a lokaci guda ta daina auna komai.

A matakin ƙasa ma haka abin yake. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, an gurfanar da gomman yara ƙanana a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ranar 1 ga Nuwamba, bisa tuhume-tuhumen da suka haɗa da cin amanar ƙasa da tunzura sojoji su yi tawaye. Wasunsu sun yanke jiki sun faɗi a kotu bayan wata uku a tsare. Sai da ƙasa ta ɗauki ɗumi kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakinsu.

Duk wannan ba ya nufin tunzura jama'a ƙage ne. Arewa ta san farashinsa. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na watan Afrilun 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 800 aka kashe cikin kwana uku a jihohi 12. Kwamitin Sheikh Ahmed Lemu da ya binciki rikicin ya lissafa kalaman tunzuri cikin musabbabai, ya kuma ce wasu sun yi wa kiran kare ƙuri'a mummunar fahimta. Amma kwamitin bai tsaya nan ba. Ya ambaci rashin shugabanci nagari, da ƙishirwar canji, da yadda gwamnatoci suka yi watsi da rahotannin rikice-rikicen baya. Wato ya ga fuskokin kalmar biyu: akwai masu tunzurawa, akwai kuma dalilan da suka sa mutane suka riga suka tunzura.

Ma'aunin da ake da shi

Duniya ta yi wannan muhawara, kuma ta fitar da sikeli. A 2012, ƙwararru a ƙarƙashin ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya sun amince da wani tsari a Rabat ta ƙasar Maroko, mai ɗauke da abubuwa shida da za a duba kafin a ce magana ta zama laifi: yanayin da aka yi ta, matsayin mai maganar, niyyarsa, abin da maganar ta ƙunsa da salon faɗinta, nisan da ta kai, da kuma yiwuwar ta haifar da ɓarna nan kusa.

A gwada sikelin a gida. A ɗauka wani matashi a Kuchi ya ɗauki bidiyo yana kuka, yana cewa an kashe masa ɗan'uwa, gwamnati ta gaza, kada kowa ya sake zaɓenta. Maganarsa na da zafi, za ta ɓata ran masu mulki, za ta kuma motsa zukata. Amma abin da ya nemi a yi shi ne jefa ƙuri'a, kuma wanda ya nuna da yatsa hukuma ce mai jami'an tsaro da kakaki da gidan rediyo. A ɗauka kuma wani jigo ya hau dandamali a Dogon Daji ana saura kwana biyu zaɓe, gabansa matasa riƙe da gora, ya ce mutanen unguwa kaza maciya amana ne, kada a bar su su iso rumfa. Bai ɗaga murya ba, wataƙila ma da murmushi ya faɗa. Amma yana da iko a kan masu saurarensa, ya ware mutanen da za a iya ganewa, ya faɗi abin da za a yi musu, kuma lokacin ya kusa. Na farkon suka ce, na biyun shi ne tunzurawar da doka ta kamata ta nema. A aikace, na farkon ya fi kusa da ofishin 'yan sanda.

Taken nan da ya yi tashe a siyasar Arewa, a kasa, a tsare, a raka, misali ne na yadda yanayi ke sauya ma'ana. A bakin wakilin jam'iyya da ke koya wa masu zaɓe su tsaya a ƙirga ƙuri'a a gabansu, wayar da kai ne, kuma doka ba ta hana ba. A bakin wanda ya gama raba wa yara ƙwaya da makami, kalmomin ba su sauya ba amma saƙon ya sauya. Shi ya sa ba a yanke hukunci da jin zafin kalma kawai.

Sikelin na da amfani ta wani gefen da ya shafi kudancin Sakkwato kai tsaye. Hare-haren 'yan bindiga da aka fi sani da gabashin jihar sun iso ƙauyukan Kebbe masu maƙwabtaka da Zamfara. A irin wannan hali, mafi haɗarin magana ita ce wadda ke ɗora laifin 'yan bindiga a kan ƙabila sukutum, ko ta kira wani mutum mai kai wa ɓarayi rahoto ba tare da hujja ba. Saƙon murya ɗaya a WhatsApp da ke ambaton suna da gida na iya zama hukuncin kisa. Zamfara ta ga inda wannan hanya ke kaiwa, lokacin da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya ta mayar da satar shanu yaƙi. Irin wannan magana ba ta taɓa gwamna, don haka ba kasafai ake jin an kai mai ita kotu ba.

Wa zai yayyafa ruwa?

Daren 25 ga Disambar 2025, Amurka ta kai hari ta sama a Jihar Sakkwato. Gwamnatin Tarayya ta ce da amincewarta aka yi, kuma maɓoyar 'yan ta'adda a yankin Tangaza aka nufa, amma tarkacen makamai sun faɗa a Jabo da ke ƙaramar hukumar Tambuwal. Ba a rasa rai a garin ba. Mutanen da suka ga wuta ta faɗo daga sama a kusa da gidajensu ba su bukaci mai zuga ba kafin hankalinsu ya tashi. A irin wannan dare, kowace sa'a da hukuma ta yi shiru, jita-jita ce ke cike gurbin. Maganin tunzurin da ya taso daga tsoro shi ne bayani na gaskiya a kan lokaci, daga bakin da mutane suka yarda da shi.

Nan ne wata matsalar take. A al'ada, hakimi da dagaci da liman su ne masu yayyafa ruwa idan gari ya ɗauki zafi. A watan Afrilun 2024 gwamnatin jihar ta sauke hakimai 15, ciki har da na Kebbe da na Dogon Daji, bisa zarge-zarge daban-daban. Gwamnati na da dalilanta, masu suka na da nasu fassarar. Abin da ba a musu a kai shi ne, duk lokacin da rawani ya zama abin da ke zuwa da gwamnati ya tafi da gwamnati, rabin gari zai riƙa jin kiran hakimi a matsayin muryar jam'iyya. Ranar da ake bukatar wanda zai tsaya tsakanin fusatattun matasa biyu, sai a tarar kowa an riga an yi masa fenti.

Malamai ma na da nasu nauyin. Sukan kafa hujja da Suratul Hujurat wajen koyar da a binciki labari kafin a yi aiki da shi, kuma babu lokacin da wannan darasi ya fi dacewa kamar zamanin da kowa ke da gidan rediyo a aljihunsa. Amma mumbarin da ya zama reshen kamfen ba zai iya kashe wutar da ya taimaka aka kunna ba.

Kafin a hau dandamali

Nan da zaɓen 2027, za a ji kalmar "tunzura" sau ba adadi, a sanarwar 'yan sanda, a bakin sojojin baka, a takardun manema labarai na jam'iyyu. Matashin da ke bin siyasa a Tambuwal ko Kebbe ko Sanyinna na da hanyar tace ta. Duk wanda ya ce an tunzura jama'a, a nemi ya ƙarasa jimlar: wa aka tunzura, a kan wa, domin ya aikata me? Idan amsar ita ce an sa mutane jin haushin gwamnati har suna shirin kayar da ita da ƙuri'a, to wannan aikin da aka ƙirƙiri zaɓe dominsa ke nan. Idan amsar ita ce an nuna wa matasa wani gida, ko wata ruga, ko wata rumfa, to a kira abin da sunansa, ko da mai maganar ɗan jam'iyyar da mutum ke so ne, ko da mai rawani ne ko mai carbi.

Su ma 'yan sanda da masu gabatar da ƙara, a riƙa tambayarsu wannan tambaya a bakin kotu. Takardar tuhumar da ba ta iya faɗin wanda aka nufa da cuta da irin cutar da aka kira a yi ba, bai kamata ta hana ɗan kowa kwana a gidansu ba. Ranar da aka ga mai babbar riga ya amsa tuhuma a ƙarƙashin dokar zaɓe saboda abin da ya faɗa a kan dandamali, ranar ce gargaɗin da ake karantawa kowace kakar zaɓe zai fara yin nauyi a kunnen jama'a.

Wanda kuma aka zo zugawa, ya dubi mai zugar da kyau, ya tambayi kansa inda 'ya'yan mutumin za su kasance ranar zaɓe. Idan ba za su tsaya a bakin rumfar tare da shi ba, to ya san wanda aka ɗora wa kantun.